Ƙafar Direba

Ranar da babban ɗanta ya sa aka juye yashi a ƙofar gida, Tela tana kan keken ɗinki tana kalmashe bakin wata riga. Ƙarar juyewar ce ta sa ta tsaya. Ta leƙa ta taga, ta ga tulin yashi ya cinye rabin hanya, ga ɗan nata a tsaye yana karkaɗe hannu. Ta san inda yashin nan za shi.

Ƙannensa ke ce masa Yaya, sunan ya bi shi, har ita ma haka take kiransa. Kayan gini yake sayarwa, kuma kamar yawancin masu sana'ar, in ya ga ƙasa a buɗe sai ya ji kamar an bar aiki ba a gama ba. A faɗi gaskiya, ba mugun ɗa ba ne. Shi ya ciccibi ubansa daga bayan gida zuwa mota ranar da ciwo ya kayar da shi a cikin lambu, kuma tun daga ranar bai ƙara kallon lambun da idon rahama ba. So yake a baje shi, a malale wurin da siminti, tsoho ya samu inda zai ja ƙafa da sandarsa ba tuntuɓe ba santsin laka. Tela ta roƙe shi ya bar mata shukar sanyin bana kawai. In ta yi, lambu ya zauna. In ba ta yi ba, ya zuba simintinsa, ba za ta ce uffan ba. Da bakinta ta yi alkawarin, kuma yashin nan ya zo ne ya tuna mata.

Abin dariya, ita ba 'yar lambu ba ce. A saman bene ta tashi, a gidan haya, inda ko tukunyar fure ba a ajiyewa. Ɗinki ta koya tun tana yarinya, da shi ta shiga gidan miji, da shi ta ɗinke wa yara kayan makaranta ɗaya bayan ɗaya har suka watse. Mijin direban bas ne, kuma ko da ya ajiye tuƙi, Direba ya ci gaba da zama sunansa a unguwa. Shi ne mai lambun. Wani ɗan siririn fili ne a bayan kicin, tsakanin katanga da tankin ruwa, ya yanka shi fangali fangali, kowanne da ɗan tudun da ke tare masa ruwa.

Garinsu garin zafi ne. Sanyi yana zuwa, amma baƙo ne marar zama, kafin ka gama yi masa sannu da zuwa ya fara neman takalminsa. Latas da kabeji da karas kuwa sanyin nan kaɗai suke so. In ka yi gaggawa ka zuba iri ƙasa na da zafi, latas ba zai ko buɗe ido ba, kabejin da ya daure ya fito kuma zai lanƙwashe ya mutu. In ka makara, zafi zai dawo kabeji bai naɗe ba, latas ya miƙe sama ya yi ɗaci. Duk aikin shekara a kan sanin ranar zuba iri yake, kuma a gidan nan ƙafar Direba ce take faɗar ranar.

In zafi ya fara sassautawa, kullum da yamma, da zarar rana ta sauka daga kan katanga, sai ya tuɓe takalmin dama, ya tone kusurwar fangalin farko, ya cusa ƙafar har idon sawu, ya rufe ido. Can sai ya ce, "Da saura." Haka zai yi ta yi, wani lokacin har ran Tela ya ƙosa, sai wata yamma ya ce, "Ta yi." Washegari a zuba iri. Yana alfahari da ƙafar nan kamar wata 'yarsa ta fari. Ita ce, in ji shi, ta yi shekaru tana sauraron injin bas ta cikin totur, tana jin taya ta fara santsi tun fasinjoji ba su farga ba. Ta hagu kuwa ƙafar kuloci ce, ba ta iya komai ba sai taka da saki. Tela takan yi masa dariya, amma ba ta taɓa ganin ƙafar ta yi ƙarya ba. Har maƙwabcinsu na bayan katanga, wani tsohon malamin makaranta da ake ce wa Ticha, ba ya zuba nasa irin sai ya leƙo ya tambaya, "Direba, ƙasa ta yi?"

Aikin Tela a lambun shi ne duk abin da ba yanke shawara ba. Ita ke tankaɗe taki, ita ke ɗinka rumfar inuwa da tsofaffin labulaye, ita ke ban ruwa in ya yi tafiya. Amma ba ta taɓa sa ƙafa cikin fangali ba, don doka ce a gidan: ƙasar da aka tattake ba ta numfashi. Daga bakin tudu take miƙa hannu, kamar mai gaida suruki.

Ciwon ya shanye masa ɓarin dama. Ya dawo daga asibiti yana jan ƙafa, hannu a naɗe, magana tana fita ɗaya ɗaya kamar ana ciro ta da ƙugiya. Mutumin da surutu ke hana shi cin abinci sai ga shi yana wuni yana kallon bango. A kawo abinci ya ture, jikoki su zo ya kau da kai. Sai ranar da Tela ta ce, a cikin hira kawai, ta ga inuwar katanga ta fara tsawo. Ya ɗago kai ya dube ta, karo na farko da idonsa ya yi kama da nasa. Daga nan ta gane cewa in aka rufe lambun nan da siminti, ba ƙasa kaɗai za a rufe ba. Wannan ne ta kasa yi wa Yaya bayani, don duk lokacin da ta fara sai hawaye su riga ta.

Kwana kaɗan bayan zuwan yashin, Direba ya nuna ƙofar baya da sanda. Ta riƙe shi ta hagu suka fita a hankali. Yammar tana da zafi, gumi na bin bayanta, tana jin ɗumin ƙasa yana ratsa silifas ɗinta. Ta tsuguna ta cire masa takalmin dama, ta tone kusurwar, ta ɗauki ƙafar da hannu biyu ta cusa masa. Ya rufe ido. Bai daɗe ba rabin bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Ta yi," ya ce.

Ita dai a ganinta da sauran zafi, zafi ma sosai. Amma wace ce ita? Mai almakashi da zare, wadda ba ta taɓa taka fangali ba, ita za ta ƙaryata ƙafar Direba? Ga kuma murmushin nan, wanda rabonta da ganinsa tun kafin asibiti. Ta haɗiye maganarta. Ta bayan katanga Ticha ya yi gyaran murya, ya ce alhamdu lillahi, shi ma gobe zai zuba nasa.

Washegari ta ajiye masa kujera a inuwar tanki, yana nuni da sanda tana aiki. Latas a jikin katanga, inda inuwa ke riga sauka. Kabeji a ɗan fangalin reno, kafin a dasa shi. Karas a can ƙarshe, inda ƙasa ta fi laushi. Irin latas ɗin nasu ne na gida, wanda yake barin wasu su yi fure duk shekara ya tara a kwalba, kuma ya saba da filin nan fiye da duk wanda za a sayo. Ta yafa fiye da rabin kwalbar. Ranar ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Sai jira. Safe da yamma tana ban ruwa, tana durƙusawa tana leƙen ƙasa har wuyanta ya ƙage. Kwanakin da latas ya saba fitowa suka wuce, fangalin na nan fayau. Karas ko alama. Kabeji ya ɗan fito jefi jefi, ya yi kwana biyu a tsaye, sannan ƙafafunsa suka tsuke ya kwanta. Direba ya murtuke fuska. Da 'yan kalmominsa ya ɗora laifin a kan ruwa, wai ta cika shi, washegari kuma wai ta rage shi. Ya zargi tsuntsaye, ya zargi takin. Ta karɓi laifin duka, ta ce ai hannun tela ne, sai haƙuri. Ticha ya daina leƙowa ta katanga, kuma shirun nasa ya fi mata ciwo a kan magana. Yaya ya zo duba uban, ya tsaya a ƙofar baya ya kalli fangalan. Da zai tafi ne ya shaida mata maginin da ya yi wa magana yana gama wani aiki, da ya gama zai zo ya auna.

Wata safiya ta gane abin da ya faru, kuma ba a lambu ba. A asibiti an ce ta riƙa gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi. Ranar hankalinta na kan wata mai riga da ke jiranta a falo, sai ta juye ruwan a roba ta manta ba ta sirka ba. Ta sa masa ƙafar dama ta juya ɗauko tawul. Da ta dawo ta ɗaga ta hagu za ta sa, yatsansa na taɓa ruwan ya fizge da ƙara. Ta dubi robar, tururi na tashi, ga ƙafar dama a ciki ta yi jawur, ko gezau. Ta fizgo ta daga ruwan. Shi kuwa bai haɗa abin ba, ya ɗauka ƙarin ruwan zafi ta yi. Ya nuna ƙafar daman ya ce ai ɗazu ruwan da sanyi.

Ashe tun da ya dawo, duk abin da ƙafar nan ta taɓa sanyi take ji. Ko da garwashi aka zuba mata a kusurwar fangalin, haka za ta ce ta yi. Tela ta shafa masa mai, ta sa masa safa, ta koma falo ta auna matar nan, ta rubuta awon hannu a wurin na kafaɗa. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske. Mutumin nan an karɓe masa sitiyari, an karɓe hannu, an karɓe rabin harshe. Abu ɗaya ya rage da yake ganin har yanzu shi ne gwaninsa, kuma ita ce za ta buɗe baki ta ce masa shi ma babu.

Ba ta faɗa ba. Shi kuwa ya matsa a zuba sauran irin, tunda ƙasa ta riga ta yi, kada sanyi ya wuce su. Sai ta shiga ƙarya, ita da ba ta iya ba. Yau bayanta ke ciwo. Gobe ɗinkin gaggawa ne. Jibi ruwan tanki ya yi ƙasa. Ta ɗauke kwalbar daga kan taga ta ɓoye a aljihun keken ɗinki, cikin zaruruwa. Yana binta da ido duk inda ta gifta, kuma ta san kallon. Zato yake ta haɗa baki da Yaya, ta gaji da lambun, tana jira ne lokaci ya ƙure a zuba siminti kowa ya huta. Ya koma ture abinci. In ta zo gyara masa matashi sai ya kau da fuska, abin ya riƙa ci mata rai tana yin kamar ba ta gani ba.

Ranar da abin ya fashe, ta fita sayen zare ne da tsakar rana, ta bar shi yana barci. Da ta dawo, ta tarar da aljihun keken a buɗe, zaruruwa a warwatse a ƙasa, ƙofar baya a wangale. Ta yar da jakar ta ruga. Yana can tsaye a kan dandamalin simintin da ke gindin tanki, inda rana ta wuni tana duka, ya jingina da tankin, sanda a ƙasa, kwalba a hannun hagu yana ƙoƙarin buɗe murfin da haƙori. Takalmin dama ya fice masa tun a bakin ƙofa, bai sani ba. Ƙafar tana kan simintin nan da ko kaza ba za ta taka ba.

Ta jawo kujera ta zaunar da shi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Ta ɗaga ƙafar, tafin ya fara tashi. Ya damƙe kwalbar a ƙirji, idonsa ya kaɗa, ya ce da ƙyar, "Kin gaji da ni."

"Wallahi Malam ban gaji ba," ta ce. "Ba ni ɗayar ƙafar."

Bai ba ta ba, ita ta ɗauka. Ta cire masa takalmin hagu, ta ɗora tafin a kan simintin, daidai inda ta dama ta tsaya. Ya zabura ya janye. Ta ja kujerar da shi a kai zuwa kusurwar fangalin, ta tone, ta cusa ta hagun a ƙasa. Sannan ta cire ta, ta sa ta dama a ramin. Ta sake mayar da ta hagu.

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa biyu. Ya dubi fangalin latas da babu komai, ya dubi katangar Ticha. Ta ga lokacin da abin ya isa gare shi, kafaɗarsa mai lafiya ta sauka, hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya motsi. Ta riƙe gwiwarsa tana jira, don ta san daga nan zai iya cewa a mayar da shi ɗaki, kuma in ya shiga ba zai ƙara fitowa ba. Ta yi ta maza ta ce ai ga ta hagu, lafiyarta ƙalau, za ta koya. Ya girgiza kai. Ƙafar kuloci, ya ce, ta san wuta ta san ƙanƙara, ba ta san tsakani ba.

Suna nan zaune har rana ta sauka daga kan katanga. Sai ya nuna ƙafarta da haɓa.

"Cire takalminki."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ya maimaita. Ta cire silifas daga ƙafarta ta dama, wadda ta yi shekaru tana taka keken ɗinki, ta tsallake tudun da ba ta taɓa tsallakewa ba, ta cusa ta a ramin. Ya ce ta rufe ido. Kalma ɗaya ɗaya ya koya mata: kada ta saurari tafin, ta saurari idon sawu. In ɗumin ya hau sama yana neman ƙwauri, ƙasa na riƙe da rana. In ya tsaya a ƙasa, kamar goshin yaron da zazzaɓi ya sake shi, to shi ke nan. Ta tsaya shiru, ta ji ɗumin yana hawa.

A daidai nan Yaya ya shigo ta kicin, magini na biye da shi da abin awo a hannu. Ya ga ubansa ba takalmi, ƙafa a kumbure, ya ga uwarsa tsaye cikin fangali ido a rufe. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce abin da yake gudu ke nan, kuma Inna da bakinta ta ce in shukar ba ta yi ba a zuba siminti, ga shi kowa na gani ba ta yi ba. Tela ta san gaskiyarsa ce.

Direba ne ya buga hannun kujera. Ya dube ta, ba ɗan ba, ya tambaya me ta ji.

"Da saura," ta ce.

Ya juya ga Yaya. Ya tattaro maganar a hankali, kuma ita ce mafi tsawo da ya yi tun da ya kwanta. "Ba a shuka ba tukuna. Ni na yi kuskure. Uwarka ta ce da saura, sai ka jira."

Yaya bai taɓa jin ubansa ya ce ya yi kuskure ba, ko a kan hanyar da ya ɓata da bas cike da mutane. Can ya ce wa maginin su je, zai neme shi. Bai ce ya fasa ba, kuma yashin bai motsa daga ƙofar gida ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwar Tela. Kullum da yamma tana cusa ƙafa, Direba na kujera da ƙafarsa a naɗe da bandeji, kullum tana cewa da saura. Kowace "da saura" tana tsorata ta, don ba ta san ko ƙasar ce ke magana ko tsoronta ba, ga kwalbar ba ta da zubi na uku. Sau biyu ta roƙe shi ya ce wani abu, ya ƙi. A tsakanin nan ta rage zafin zuciya da satar yashin Yaya a bokiti tana gauraya wa fangalin karas, wanda dama yashi yake so.

Sai wata yamma ɗumin ya tsaya a tafin bai hau ba. Ta jira, ta ƙara jira, bai hau ba. Ta buɗe ido ta ce ta yi. Ta ga gwiwarsa ta dama ta motsa, ta saba, tana neman ramin. Ya dafa ta da hannun hagu ya tsayar da ita. Sannan ya miƙo mata kwalbar.

Kafin mako ya zagayo, jikin katanga ya yi kore shar, ƙanana ƙanana kamar an yi masa ɗinki. Yaya ya zo ya tsuguna a bakin tudu ya daɗe yana kallo, ya tambayi inda rabin yashinsa ya tafi, Tela ta duƙa ta hau tsince ciyawa. Suna nan sai ga kan Ticha ya ɓullo ta saman katanga, karo na farko tun asararsa. Ya ce ya samo wani irin a kasuwa, amma ba zai sake gaggawa ba. Sannan ya yi tambayar da ya saba.

"Direba, ƙasa ta yi?"

Direba ya nuna matarsa da sanda, tana durƙushe tana tsince ciyawa, ƙafarta ta dama duk ƙasa.

"Tambayi Tela," ya ce.